Shari'ar Manjo Armstrong da Kamfanin RCA a Kan Rediyon FM

A farkon watan Nuwamba na 1935 injiniyoyin rediyo suka taru a wani zaure a birnin New York domin sauraron laccar Edwin Howard Armstrong, farfesa a Jami'ar Columbia. Ya daɗe yana bayani, sannan ya kunna akwatin da ya zo da shi. Da farko shuu ɗin nan aka ji, irin na akwatin da bai kama tasha ba. Da aka murɗa aka kai kan tashar, sai wuri ya yi tsit kamar an kashe akwatin. Can sai ga muryar mutum garau daga Yonkers, wani gari a arewacin New York, inda abokinsa C. R. Runyon ya kafa 'yar ƙaramar tasha a gidansa. Aka tsiyaya ruwa a kofi gaban makirufo, 'yan zaure suka ji tsiyayar ruwa. Aka yage takarda, suka ji yagewar takarda. A rediyon wancan zamani irin waɗannan ƙananan sautuka ba sa fita, hayaniya ce ke haɗiye su.

Abin da aka ji a zauren nan shi ne FM, wadda yau take cikin kowace mota da kusan kowace ƙaramar wayar hannu. Kamfanin da ya fi kowa ƙarfi a harkar rediyo a Amurka, wato RCA, ya riga 'yan zauren ganin wannan fasaha. Injiniyoyinsa sun yi fiye da shekara suna gwada ta tare da Armstrong a saman benen Empire State, sun kuma ga tana aiki. Duk da haka aka ce masa ya kwashe kayansa, ana bukatar wurin. Daga nan aka shiga takun saƙa na kusan shekara 18, wanda ya cinye dukiyar Armstrong, ya shiga tsakaninsa da matarsa, ya kai shi ga halaka a 1954.

Tsohuwar abota

An haifi Armstrong a New York ranar 18 ga Disamba 1890, ya girma a Yonkers. Tun yana yaro ya mayar da ɗakin saman gidansu wurin haɗa wayoyi da batura, ya kafa doguwar eriya a harabar gidan yana hawa da kansa yana gyarawa. Ya shiga Columbia a 1909, ya zama almajirin Farfesa Michael Pupin. A lokacin akwai wani ƙwan gilashi mai siffar ƙwan fitila da Lee de Forest ya ƙirƙiro a 1906, ya sa masa suna Audion. Yana kama saƙon rediyo amma da rauni, kuma shi kansa de Forest bai fahimci sirrinsa ba, ya ɗauka ragowar iskar da ke cikin ƙwan ce ke yin aikin. A 1912 Armstrong, yana ɗalibi, ya gano cewa in aka ɗebi wani ɓangare na saƙon da ya fito daga ƙwan aka sake tura shi ta mashiga, zai yi ta zagayawa yana ƙara ƙarfi ninkin ba ninkin. In aka ƙara matsa shi kuwa, ƙwan da kansa zai fara haifar da igiyar rediyo, na'urar kamawa ta koma ta aikawa. Mahaifinsa ya ƙi ba shi kuɗin rajistar haƙƙin mallaka don kada ya shagala ya bar karatu, sai ya kai zanen aka buga masa hatimin shaida a Janairun 1913. Takardar mallakar ta fito a Oktoban 1914.

Cikin waɗanda suka fara ganin wannan na'ura akwai wani saurayi ma'aikacin kamfanin Marconi na Amurka, David Sarnoff, ɗan ƙaura daga ƙasar Rasha wanda ya fara rayuwa da tallar jarida da aiken ofis. A farkon 1914 su biyun suka kwana a tashar Marconi ta Belmar, a jihar New Jersey, cikin tsananin sanyi, suna kama saƙonni daga ƙetaren teku. Nan abota ta ƙullu.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya aka tura Armstrong Faransa cikin rundunar sadarwa, ya kai muƙamin Manjo, sunan da ya bi shi har kabari. A Paris, a 1918, ya haɗa tsarin da ake kira superheterodyne: duk tashar da aka kamo, sai a sauko da saurin kaɗawar igiyarta zuwa wani mataki guda da akwatin ya fi iya sarrafawa, a can a ƙara mata ƙarfi. Kusan duk akwatin rediyon da aka ƙera a ƙarni na ashirin daga shekarun 1930 a kan wannan tsari yake. Gaskiya dai wani Bafaranshe, Lucien Lévy, shi ma ya kai ga dabarar, har daga baya aka ba shi fifiko a kan galibin abin da ke cikin takardar.

Kuɗi suka zo. A 1920 kamfanin Westinghouse ya sayi haƙƙoƙinsa biyu kan dala 335,000. A 1922 RCA, inda Sarnoff ya riga ya zama babba, ya sayi wata sabuwar ƙirƙirarsa kan dala 200,000 da hannun jari 60,000, abin da ya sa Armstrong ya zama mutumin da ya fi kowa yawan hannun jari a kamfanin. A Disambar 1923 ya auri Marion MacInnis, sakatariyar Sarnoff. Mutum ne mai son tsayi da gudun mota. A shekarar auren ya hau can ƙololuwar eriyar tashar RCA da ke kan benen Aeolian Hall ya sa aka ɗauke shi hoto, har Sarnoff ya rubuta masa takardar hana shi shiga wurin. Wato mutanen biyu da za su zo su tsaya a gaban alƙali sun ci abinci a kwano ɗaya shekaru da yawa.

Raunin farko

Ba za a fahimci taurin kan da Armstrong ya nuna daga baya ba sai an san shari'arsa da de Forest. De Forest ya ce shi ya fara gano dabarar mayar da saƙo cikin ƙwan gilashi, yana kafa hujja da wani rubutu a littafin ɗakin gwajinsa na 1912. Aka yi ta fafatawa daga kotu zuwa kotu kusan shekara ashirin, Armstrong ya ci nan, ya faɗi can. Kotun Ƙoli ta ba de Forest gaskiya a 1928, ta sake ba shi a 1934 cikin hukuncin da Mai Shari'a Benjamin Cardozo ya rubuta. Injiniyoyi da yawa sun ce alƙalan ba su fahimci fasahar ba. Armstrong ya je taron ƙungiyar injiniyoyin rediyo ta IRE da nufin mayar da lambar yabon da ta ba shi a 1917 saboda wannan ƙirƙira, ƙungiyar ta ƙi karɓa, ta ce tana nan a kan bakanta.

A zagayen ƙarshe na shari'ar RCA yana ɓangaren de Forest. Dalilin na kasuwanci ne zalla: kamfanin yana da ikon amfani da takardun ɓangarorin biyu, amma na de Forest sun fito ne a 1924, don haka za su ba shi ƙarin shekara goma yana karɓar kuɗi daga masu ƙera rediyo. Armstrong ya ga yadda abokinsa ke raba zumunci da lissafi. Abin da ya ɗauka daga wannan shari'a shi ne kada ya ƙara barin wani ya ƙwace masa suna. Abin da bai ɗauka ba, a ganina, shi ne cewa kotu tana iya riƙe mutum shekara ashirin, kuma kamfani ba ya tsufa a zaman jira.

Hayaniya da maganinta

Duk wanda ya taɓa sauraron tasha a matsakaicin zango ko gajeren zango da damina ya san matsalar. Da an yi walƙiya, ko a nesa ne, sai akwatin ya yi ƙaras-ƙaras, maganar mai gabatarwa ta nutse. Waɗannan tashoshi suna aiki ne da tsarin AM, inda ake ɗora murya a kan igiyar rediyo ta hanyar ƙara mata ƙarfi da rage shi. Walƙiya, da tartsatsin injin mota, da na'urorin lantarki, duk suna fitar da igiyoyi masu hawa da sauka a ƙarfi. Akwatin AM ba shi da hanyar tantance wanne ne murya, wanne ne tsawa, sai ya fitar da su tare.

Akwai wata hanyar kuma, wadda aka sani tun kafin Armstrong: a bar ƙarfin igiyar yadda yake, a riƙa sauya saurin kaɗawarta daidai da hawa da saukar murya. Wannan ita ce FM. Mai ganga zai iya aika saƙo ta bugu da ƙarfi da bugu a hankali, amma da ruwa ya sauko kan kwano shi ke nan, ba a rabe bugun da ƙarar ruwan. Mai kalangu kuwa matse igiyoyin jikinsa yake yana saki, sautin ya hau ya sauka, kuma kunne yana iya bin wannan hawa da sauka ko ana hayaniya.

To me ya hana a yi amfani da ita? A 1922 wani gwanin lissafi na kamfanin tarho na AT&T, John Carson, ya nuna cewa FM ba ta rage faɗin filin da tasha ke ci a sararin iska, tana ma gurɓata sauti ba tare da wata riba ba. Lissafinsa daidai ne a kan abin da ya lissafa. A lokacin kowa ya yarda cewa hanyar rage hayaniya ita ce a ƙuntata mashigar akwatin, domin ƙaramar mashiga hayaniya kaɗan za ta shigar. Da wannan tunani Carson ya duba FM, ya kuma rubuta daga baya cewa hayaniyar rediyo tana tare da mu har abada, kamar yadda ba a raba duniya da talakawa.

Armstrong ya yi shekaru a ɗakin gwajinsa da ke ƙarƙashin ginin Philosophy Hall a Columbia yana bin hanyoyin da ba su ɓulle ba, kafin ya juya tunanin baki ɗaya. Maimakon ƙuntatawa, sai ya buɗe. Ya bar saurin kaɗawar ya riƙa lilo har kilohaz 75 sama da 75 ƙasa (kilohaz ɗaya shi ne kaɗawa dubu a daƙiƙa guda), tashar ta ci fili mai faɗin kilohaz 200, alhali tashar AM a Amurka kilohaz 10 take ci. A cikin akwatin kuma ya sa wani sashe da ke aske duk wani hawa da sauka na ƙarfin igiya ya daidaita shi, kafin wani sashen ya karanta sauyin saurin ya mayar da shi murya. Tunda hayaniya a cikin ƙarfi take zaune, da an aske ƙarfin ta tafi. Kuma gwargwadon faɗin lilon, gwargwadon yadda murya ke rinjayar abin da ya rage. Har yau wannan ma'auni na kilohaz 75 shi ake bi, daga New York har Kano da Maraɗi. Ranar 26 ga Disamba 1933 aka ba shi takardun mallaka. A riƙe wannan kwanan wata, domin a dokar Amurka ta lokacin takarda shekara 17 take yi daga ranar da aka bayar da ita.

Fili mai faɗin haka ba ya samuwa a matsakaicin zango, ya cika maƙil. Dole FM ta hau sama zuwa zangon da ba a saba da shi ba, dole a gina sababbin tashoshi, dole kowane gida ya sayi sabon akwati. A nan lissafin Armstrong da na Sarnoff suka rabu.

Daga Empire State zuwa Alpine

Daga Mayun 1934 zuwa Oktoban 1935 aka yi gwaji daga hawa na 85 na benen Empire State, ana kamawa a wurare masu nisan kimanin kilomita 130. Sakamakon ya yi kyau, har cikin hadari da tsawa. Amma Sarnoff, wanda ya zama shugaban RCA a 1930, abin da yake nema wata 'yar na'ura ce da za a maƙala wa rediyon da ake da shi ta kashe hayaniya. Abin da aka kawo masa kuwa zai sa a sake gina masana'antar daga tushe. RCA shi ke da NBC, babbar hanyar tashoshin AM ta ƙasar. Ana cikin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930. Ga shi kuma ya riga ya ɗora idonsa a kan talabijin, wadda ya sanar a 1935 cewa zai zuba mata dala miliyan ɗaya, ita ma kuma zangon saman nan take bukata. In aka yi adalci, ba kowane shugaban kamfani ne zai ce wa mutane su sayi sabon rediyo yau, gobe su sayi talabijin ba.

Armstrong ya sayar da hannun jarinsa na RCA ya shiga aikin da aljihunsa. Ya gina hasumiya mai tsawon kimanin mita 130 a Alpine, a jihar New Jersey, a kan tsaunin da ke kallon kogin Hudson, ya kafa tashar W2XMN da ta fara shirye-shirye a kai a kai a 1939. Hasumiyar tana nan har yau. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 ya rusa eriyoyin da ke kan Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, wasu tashoshin talabijin na New York, har da ta NBC, a kanta suka raɓa. Kamfanonin General Electric da Zenith da Stromberg-Carlson suka karɓi lasisi suka fara ƙera akwatuna. John Shepard, mai hanyar tashoshin rediyo ta Yankee Network a arewa maso gabashin ƙasar, ya kafa tashoshi a kan duwatsu, aka nuna cewa tasha za ta iya kamo shirin wata ta iska ta miƙa wa ta gaba ba tare da sauti ya lalace ba. Wannan kuma ya taɓa AT&T, wanda ke samun kuɗi mai yawa daga hayar wayoyin da ke haɗa tashoshin AM.

A 1940 hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta ware wa FM zango daga megahaz 42 zuwa 50 (megahaz ɗaya kilohaz dubu ne), a fara kasuwanci ranar 1 ga Janairu 1941. Ba da jimawa ba aka tsayar cewa sautin talabijin ma da FM za a riƙa aika shi. Ma'anar wannan ita ce duk talabijin ɗin da RCA zai sayar akwai aikin Armstrong a cikinta.

Tayin dala miliyan ɗaya

A wannan shekara ta 1940 RCA ya yi masa tayin dala miliyan ɗaya, biya ɗaya tak, ya yi amfani da takardunsa ba tare da biyan kaso a kan kowane akwati ba. Armstrong ya ƙi. Hujjarsa ita ce sauran kamfanonin da suka tsaya masa tun farko suna biyan kashi 2 cikin ɗari na cinikinsu, ba zai ba wanda ya juya masa baya rangwamen da bai ba su ba. Hujja ce mai kyau, ta mutum mai riƙon amana. RCA kuwa ya ce to shi ma yana da nasa tsarin FM da injiniyoyinsa suka haɗa, ya ci gaba da ƙera kaya bai biya ko sisi ba, har yana ba wasu kamfanoni lasisi a kan nasa takardun. Ganin babba bai biya ba, wasu ma suka noƙe.

A nan ne ya kamata a tsaya a ƙirga shekarun takardar. Biyu na farko sun tafi a gwajin Empire State. Biyar sun tafi wajen neman zango da gina Alpine. Shekara ɗaya da fara kasuwanci Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, a 1942 aka dakatar da ƙera rediyon farar hula. Armstrong ya bar wa sojan ƙasarsa amfani da takardunsa kyauta har yaƙin ya ƙare, aka ƙera rediyon FM na tankokin yaƙi da na goyo a baya masu ɗimbin yawa, shi bai karɓi komai ba. Lokacin da aka ajiye makamai a 1945, shekara biyar kacal suka rage masa.

Sauya zango

Ranar 27 ga Yuni 1945 FCC ta sanar cewa FM za ta tashi daga inda take ta koma sama, zangon da ya zama megahaz 88 zuwa 108, lambobin nan da muke gani a fuskar akwatunanmu. Dalilin da aka bayar na kimiyya ne. Igiyoyin ƙananan zango suna dukan wani sashe na sararin sama su dawo ƙasa a nesa, shi ya sa ake kama tashoshin gajeren zango daga London ko Kaduna a wurare masu nisa. Igiyoyin sama kuwa galibi miƙewa suke su wuce, shi ya sa tashar FM ke yankewa in mota ta yi nisa da gari. Wani injiniya, Kenneth Norton, ya shaida cewa a megahaz 42 zuwa 50 igiyoyin za su riƙa dawowa lokaci zuwa lokaci, musamman a shekarun da rana ke yawan tabo, tashoshi masu nisa su shiga cikin juna. Armstrong da wasu masana suka ce Norton ya yi kuskure a lissafi, matsalar ba ta kai a tashi kowa ba.

Hukuncin ya mayar da akwatuna kimanin 400,000 zuwa rabin miliyan marasa amfani, tashoshi fiye da 50 kuma sai sun sake kayan aiki. Wani yanki na tsohon zangon aka ba talabijin a matsayin tasha ta ɗaya, wadda ita ma aka soke a 1948. Armstrong ya tafi kabari yana ganin hannun RCA da sauran manyan AM a ciki, kuma abin da ya ƙara masa zargi shi ne Charles Denny, wanda ya riƙe manyan muƙamai a FCC a wannan lokaci har ya shugabance ta, ya bar ta a 1947 ya zama babban lauyan NBC. Masana tarihi sun rabu a kan wannan. Wasu suna tare da Armstrong. Wasu suna cewa katsalandan ɗin da Norton ya faɗa yana faruwa da gaske, kuma sabon zangon ya ba FM gurbin tasha 100 a madadin 40. Ni dai ina ganin duka biyun za su iya zama gaskiya: sauyin ya amfani FM bayan shekara ashirin, ya kuma karya mai FM a shekara biyar ɗin da suka rage masa.

Zaman kotu

A Yulin 1948 Armstrong ya kai ƙarar RCA da NBC a kotun tarayya ta jihar Delaware, yana zarginsu da cin haƙƙinsa da zuga wasu su ƙi biya. Shari'ar ba ta taɓa kaiwa gaban alƙali don yanke hukunci ba yana raye. Fiye da shekara biyar aka yi a matakin share fage, inda lauyoyi ke yi wa shaidu tambayoyi bisa rantsuwa. Shi kaɗai lauyoyin RCA sun riƙe shi kusan shekara guda suna tambaya. A Disambar 1950, ana tsakiyar wannan, manyan takardunsa suka ƙare, kuɗin lasisi suka fara ƙafewa. Kuɗin fita kuwa ba su tsaya ba: lauyoyi, tashar Alpine wadda ba ta ɗaukar talla, da ɗakin gwajinsa na Columbia wanda shi ke biyan ma'aikatansa, domin albashin dala ɗaya a shekara yake karɓa daga jami'ar.

Da Sarnoff ya zo ba da shaida a 1953 ya ce shi da Armstrong abokai ne na kusa, yana fatan har yanzu haka ne. Ya kuma ce RCA da NBC sun yi wa FM aikin da ba wanda ya yi mata a ƙasar, har da Armstrong. Ga mutumin da Kotun Ƙoli ta riga ta ƙwace wa suna a baya, wannan magana ta fi asarar kuɗi ciwo.

Ko a wannan hali bai daina aiki ba. A 1953 ya nuna yadda tashar FM guda za ta ɗauki shiri fiye da ɗaya a lokaci guda, dabarar da sitiriyo, wato sautin da ake raba wa lasifikar hagu da ta dama, ya zo ya hau kanta. Amma gida ya fara tsagewa. A ƙarshen shekarar ya nemi Marion ta saki kuɗin da suka ajiye don tsufa a zuba a shari'ar, ta ƙi, ta ce a sasanta. Rigima ta kaure har ya buge ta a hannu da ƙarfen murhu, ta tafi gidan 'yar'uwarta a jihar Connecticut. A daren 31 ga Janairu 1954 Armstrong ya kashe kansa a gidansa na New York, ya bar mata wasiƙar neman gafara. Yana da shekara 63. Sarnoff ya halarci jana'izar. Bayan 'yan makonni aka rufe tashar Alpine.

Ba daidai ba ne a ɗora mutuwar mutum kacokan a kan kamfani, abubuwa da yawa ke haɗuwa kafin a kai nan. Amma jan ƙafar da aka yi a shari'ar ba haɗari ba ne. RCA bai bukaci ya ci shari'ar ba, abin da yake bukata kawai kada a gama ta da wuri. Armstrong kuwa ya ɗauki kotu kamar ɗakin gwaji, inda in ka jona wayoyi daidai dole fitila ta kama.

Abin da Marion ta yi

FM ta fara bunƙasa ne a wani wurin da ba a zata ba. Bayan yaƙi, yarjejeniyar Copenhagen ta 1948 ta bar wa Jamus gurabe kaɗan a matsakaicin zango, sai Jamusawa suka rungumi FM tun farkon shekarun 1950. A Amurka sai da aka amince da sitiriyo a 1961, aka kuma hana tashoshin manyan birane maimaita shirin AM ɗinsu kacokan a FM a tsakiyar shekarun 1960, sannan ta miƙe. A ƙarshen shekarun 1970 masu sauraronta suka zarce na AM. Duk wannan ya zo ne bayan takardun sun daɗe da mutuwa.

Matar da ta ce a sasanta ita ce ta gaji shari'o'in. A ƙarshen 1954 ta sasanta da RCA kan kuɗi sama kaɗan da dala miliyan ɗaya, kusan abin da mijinta ya ƙi karɓa shekara 14 baya. Da wannan kuɗi ta bi sauran ƙararraki 21 da ya shigar a kan wasu kamfanoni dab da rasuwarsa. A 1959 wata kotun tarayya a New York ta yanke hukunci a kan kamfanin Emerson, ta tabbatar cewa Armstrong ne ya ƙirƙiro FM mai faɗin zango kuma takardunsa ingantattu ne. Galibin sauran suka biya ba tare da an kai ga hukunci ba. Motorola ne ya fi jan lokaci, kamfanin da ya ƙera wa soja rediyon FM na goyo a zamanin da Armstrong ya yafe kuɗinsa. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, a 1967 ta ƙi sauraronsa, ya biya.